Allon Safsket: Yadda Za Ka Zaɓa, Ka Daidaita, Ka Koyi Hawa

Tambayar ta yi yawa, kuma kusan iri ɗaya ce. Mutum zai ga bidiyon wani a kan allon sulu mai tayoyi huɗu, bai sa ƙafa a ƙasa ko sau ɗaya ba, yana ta lanƙwasa hagu da dama kamar maciji a rairayi, gudunsa kuma ƙaruwa yake yi. Sai ya aiko: wane irin allo ne wannan, wanne zan saya, nawa ne kuɗinsa? Sunansa safsket. Masu hawan igiyar ruwa ne suka ƙirƙiro shi don su riƙa motsa jiki a kan kwalta ranar da teku ya kwanta. Neil Carver da Greg Falk sun kafa kamfanin Carver a unguwar Venice ta jihar Kalifoniya a 1996, daga nan wasu kamfanoni suka biyo baya da nasu salon.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga farko. Zanen da ke jikin katako ba ya tuƙa allo. Ƙarfen da ke riƙe da tayoyin gaba, wanda 'yan wasan ke kira tirok, shi ne ke yanke yadda allon zai yi tafiya, sai kuma tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya. Wanda ya dace da waɗannan biyu ya dace da allo.

1. Fara da filin da za ka hau

Kafin ka buɗe shafin kowane mai sayarwa, fita ka duba inda za ka yi wasan. Kana buƙatar fili shimfiɗaɗɗe, mai santsi, wanda faɗinsa ya kai aƙalla mita 5 ko 6, domin safsket ba ya tafiya a miƙe, zagaye yake yi. Filin ƙwallon kwando, wurin ajiye motoci bayan an tashi aiki, harabar gida mai daɓen siminti, duk sun yi. Idan filin naka kwalta ce mai kaushi, ko intalok mai tsagogi, wannan zai shafi irin tirok da tayar da za ka zaɓa, don haka ka san da shi tun yanzu.

Gargaɗi: ba a koyon safsket a gangara, ba a koyonsa a titin da motoci da babura ke bi. Tirok ɗin gaba sakakke ne da gangan. Da gudu ya yi yawa sai hancin allo ya fara kaɗawa, kuma sabon shiga ba ya iya tsayar da wannan kaɗawar.

2. San nau'ukan tirok ɗin gaba

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, don nan ne kuɗi ke tafiya a banza.

Nau'i na farko shi ne mai bushin, wato robobi biyu masu tauri da ke matse da babbar kusar tsakiya, kamar dai bushin ɗin mota. Idan ka karkata, robar ta matse, sannan ta turo ka ka dawo tsakiya. Carver CX shi ne ya fi shahara a wannan gida, akwai kuma Slide na ƙasar Sifen. Tafiyarsu tana da natsuwa. Allon yana amsa maka da sauri, yana dawowa da ƙarfi, kuma ba ya mamayar ka da juyin da ba ka nema ba. Kana iya tura shi da ƙafa kamar allon sulu na yau da kullum, ka yi 'yar tafiya mai nisa da shi. Slide yana kusa da ƙasa, abin da ke ƙara wa sabon shiga kwanciyar hankali. Carver na da wani ƙarami mai suna C5, gajere ne mara nauyi, an yi shi don masu son tsalle da wasa a filayen da aka gina musamman. Gyaran wannan nau'i ba wuya: roba ta mutu, ka sauya roba.

Nau'i na biyu shi ne mai sifirin. A nan tayoyin gaba suna rataye ne a wani hannun ƙarfe da ke lilo hagu da dama, sifirin kuma na dawo da shi tsakiya. Carver C7, da YOW na yankin Bask a Sifen, da SmoothStar na Ostireliya mai tsarin Thruster, duk 'yan wannan ɗaki ne, amma halinsu ya bambanta. C7 yana tafiya a hankali, lanƙwasarsa doguwa ce mai laushi, kuma yana da kusar da za ka ƙara ko ka rage taurin sifirin. YOW, musamman tsarinsu na Meraki, sakakke ne ƙwarai: yana karkata sosai, yana juyawa a ɗan ƙaramin wuri, ko a tsaye kake motsi kaɗan ya isa ya tayar da shi. Suna da sifirin mai laushi, S4, don yara da marasa nauyi, da S5 don manya. SmoothStar kuwa masu horar da hawan igiyar ruwa sun fi son sa, domin ba ya tafiya da kyau sai ka juya kafaɗa da ƙugu yadda ake yi a ruwa. Duk masu sifirin sun fi tsayi daga ƙasa, sun fi nauyi, kuma tura su da ƙafa yana da haɗari ga wanda bai saba ba, don da ka ɗora nauyinka a ƙafar gaba kaɗai sai hancin ya kauce.

Nau'i na uku na ƙwararru ne. Swelltech tirok ɗinsa na gaba yana iya zagayawa gaba ɗaya, digiri 360. Dole nauyinka ya zauna a ƙafar baya, in ba haka ba hancin ya murɗe ya kayar da kai. Curfboard na Jamus ba shi da sifirin, ba shi da bushin a gaba, nauyin jikinka ne kaɗai ke dawo da shi tsakiya. A siminti mai santsi tafiyarsa kamar a kan ruwa, amma 'yar tsakuwa ɗaya tana iya juya shi. Ban shawarci kowa ya fara da waɗannan biyu ba.

Akwai kuma hanya ta huɗu ga wanda ya riga ya mallaki allon sulu: wani ƙarfe na kamfanin Waterborne da ake ɗaurawa tsakanin katako da tirok ɗin gaba, ya mai da allon safsket. Yana aiki, yana kuma rage kashe kuɗi, sai dai yana ɗaga gaban allon, don haka dole ka sa matashin roba tsakanin katako da tirok ɗin baya, ko ƙarfensu na baya, har tsayin ya daidaita.

Ra'ayina ke nan a fili. Idan ba ka taɓa hawa kowane allo ba, ko filinka ba shi da santsi sosai, ɗauki mai bushin. Idan kana hawan igiyar ruwa, ko niyyarka ke nan, kamar matasan da ke zuwa Tarkwa Bay a Legas ko bakin tekun Busua a Gana, mai sifirin zai fi koya wa jikinka abin da ruwa zai nema. Mutane da yawa suna sayen mafi sakewa saboda shi ne ya fi kyau a bidiyo, mako biyu allon ya koma bayan ƙofa. Wannan yana ba ni takaici, domin wasan ba shi da laifi, zaɓin ne bai dace da mai shi ba.

3. Auna tazarar tayoyi

Masu sayarwa sun fi tallata tsawon katako, wanda galibi yake tsakanin inci 28 zuwa 34. Amma lambar da ta fi shafar ka ita ce tazarar tayoyi, wadda ake aunawa daga ramukan kusoshin ciki na gaba zuwa na ciki na baya. Yawanci tana tsakanin inci 15 zuwa 19. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, idan awonka na tela ne.

Ga yadda za ka gano taka. Tsaya a ƙasa ba takalmi, ka buɗe ƙafafu kaɗan fiye da faɗin kafaɗunka, ka durƙusa kamar za ka ɗauki buhu. Inda ka ji ka kafu, ba ka matse ba, ba ka kuma tale ba, sa wani ya auna tsakanin cikin ƙafafunka biyu. Lambar da ta fito, nemi tazarar da ke kusa da ita. A abin da na saba gani, wanda bai kai santimita 160 ba yana jin daɗin inci 15 zuwa 16, matsakaicin mutum 16 zuwa 17 da ɗoriya, dogo kuma 18 zuwa sama.

Gajeriyar tazara tana juyawa da sauri a ƙaramin wuri, amma ba ta da natsuwa. Doguwa tana da natsuwa, tana riƙe gudu, sai dai tana son fili.

Gargaɗi: a masu sifirin, sandar tayoyin gaba tana komawa baya kaɗan daga inda kusoshi suke, saboda hannun da ke lilo. Ke nan allo mai inci 17 da YOW zai ji ya fi gajarta a ƙarƙashinka fiye da mai inci 17 da CX. Idan mai sifirin za ka saya, ƙara inci ɗaya a kan abin da ka auna.

4. Duba tayoyi da katako

Taya tana da lambobi biyu. Ta farko girmanta ne, yawanci milimita 65 zuwa 70. Ta biyu taurinta, lamba mai harafin A a ƙarshe. 78A mai laushi ce, tana kama ƙasa, tana shanye kaushin kwalta, ita ce ta sabon shiga da mai fili mara santsi. 81A zuwa 84A sun fi tauri, sun fi gudu a siminti mai kyau, kuma suna barin bayan allo ya zame idan ka so hakan. Wannan na gaba ne, ba na watan farko ba.

Katako mai kyau yawanci falle 7 ne na icen mapul da aka manne. Duba faɗinsa ya ɗauki takalminka, kusan inci 9 da rabi zuwa 10, ya kasance yana da ɗan kwarmi a tsakiya da jela mai ɗagowa a baya, domin nan ƙafar baya take samun abin tokarawa.

5. Kuɗi da saye

Cikakken allo daga Carver, YOW ko SmoothStar galibi yana tsakanin dala 200 zuwa 350. Shagunan kayan wasanni na Decathlon suna sayar da nasu mai sauƙin kuɗi, wajen rabin haka ko ƙasa, kuma ya isa a fara koyo. Marasa suna da ake samu a kasuwannin intanet suna sauka ƙasa da dala 100. Idan daga waje za a kawo maka, ka tuna allon yana da nauyin kilo 3 zuwa 4 da ɗoriya, ga tsawo, don haka kuɗin dako da na kwastan suna iya cin wani kaso mai tsoka. Wanda yake da ɗan'uwa mai dawowa daga tafiya, ya roƙe shi ya kwance tirok da tayoyi ya sa a jaka, katakon ya shimfiɗa shi a ƙasan babban akwati idan ya shiga.

Na hannu ba laifi ba ne, in ka duba abu uku: babu tsagewa a katako kusa da kusoshi, hannun tirok ba ya ƙwanƙwasa idan ka girgiza shi sama da ƙasa, sandar taya kuma ba ta lanƙwashe ba.

Gargaɗi: araha ba ta ado, musamman a mai sifirin. Na taɓa sayen wani mara suna daga hannun wani mai shago a intanet, sifirin ɗinsa ya karye a wata na biyu, na nemi madadinsa ban samu ba, allon ya tashi aiki. Idan kuɗinka kaɗan ne, sayi mai bushin, domin robarsa kusan iri ɗaya ce da ta sauran allunan sulu, ana samunta. Kuma kafin ka biya kuɗin kowane mai sifirin, tambayi ko ana sayar da sifirin ɗin shi kaɗai.

6. Kayan kariya kafin hawa

Hular kwano, makarin wuyan hannu, makarin gwiwar ƙafa da na gwiwar hannu, da takalmi mai shimfiɗaɗɗen tafi na roba. Ka sa kuɗinsu cikin lissafi tun farko. Wuyan hannu shi ne ya fi jin jiki, don mai faɗuwa hannu yake fara miƙawa. Silifas da sandal ba su da wuri a nan, haka ma riga ko wando mai jan ƙasa, taya tana kama su.

7. Daidaita allon ranar da ya iso

Kana buƙatar sifana mai siffar T ta allon sulu, mai baki uku: inci 9/16 na notin babbar kusar tsakiya, 1/2 na notin taya, 3/8 na kusoshin katako, da 'yar sukundireba da makullin alan a jikinta. Ba ta da tsada. In babu, sifana lamba 14, 13 da 10 za su yi maneji, amma a hankali, kada su cinye kan noti.

Fara da kusoshi 8 da suka haɗa katako da tirok, ka ɗaure su har kansu ya yi daidai da samfefar saman allo, kada su nutse cikin katako. Sannan tayoyi: ɗaure noti har taya ta tsaya, ka sassauta kaɗan-kaɗan har ta riƙa juyawa da kanta ba tare da ta yi ta ƙwal-ƙwal a gefe ba.

Sai gwajin cizon taya, wanda mutane suka fi tsallakewa. Ɗora allon a kan tabarma ko ciyawa, ka hau, ka danna gefe ɗaya da duk nauyinka, wani ya duba ko taya tana taɓa katako. Yi haka a ɗaya gefen. Idan tana taɓawa, a kan tafiya allon zai tsaya cak, kai kuma ka wuce. Maganinsa uku ne: ƙara ɗaure notin tsakiya rabin zagaye, ko sa matashin roba tsakanin katako da tirok, ko komawa ƙaramar taya.

Gargaɗi: kada ka ɗaure notin tsakiya har robar ta kumbura ta fito gefe, za ta tsage. Idan kana da nauyi kuma allon ya yi maka sako-sako, sayi bushin mai tauri, kamar 90A zuwa sama. Kada kuma ka sassauta har zaren kusa ya ɓace cikin noti.

8. Tsayuwa

Gano ƙafarka ta gaba: tsaya ƙafafu haɗe, wani ya ɗan tura ka daga baya, wadda ta fara fita ita ce. Ko hagu ko dama, duk daidai ne. Ɗora ta a daidai kusoshin gaba na ciki ko bayansu kaɗan, a ɗan karkace tana kallon gaba. Ƙafar baya ta zauna a kan jela, a gicciye. Durƙusa, ka saki gwiwoyi, gwiwar baya ta ɗan karkato ciki, ƙirji a ɗage, ido a inda za ka je.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sa ƙafar gaba a kan hancin allo, gaba da tayoyi. Nan ne allo ke murɗewa. Na biyu shi ne kallon ƙafa. Kwana biyu na farko, riƙe bango ko hannun wani, ka yi ta danna yatsu da diddige kana jin yadda allon ke amsawa.

9. Famfo: tafiya ba tare da sa ƙafa a ƙasa ba

Wannan shi ne abin da ya kawo ka, kuma yana zuwa ne daki-daki.

Da farko tura sau ɗaya a hankali, ko ka tokari bango, ka sami ɗan gudu. Juya kai da kafaɗu zuwa ɓangaren yatsunka, ƙugu ya biyo, nauyi ya sauka a yatsu, allon zai lanƙwasa. Sai ka juya kai da kafaɗu zuwa ɓangaren diddige. Jerin ba ya sauyawa: ido, kafaɗa, ƙugu, sannan ƙafa. Yi ta zana harafin S mai faɗi har jikinka ya saba.

Bayan nan sai ka ƙara hawa da sauka. Shiga lanƙwasa a durƙushe, tsakiyarta ka miƙe kana tokarin ƙafar baya, kamar mai tura ƙasa gefe. Wannan tokarin ne ke haifar da gudu. Ƙafar gaba jagora ce kawai, ta baya ce inji. Wanda ya taɓa lilo a tsaye ya san abin: akwai lokacin da ake durƙusawa, akwai lokacin da ake miƙewa, in ka saɓa su lilon ya mutu.

Za ka ga wasu suna kaɗa ƙafar gaba da sauri-sauri, jiki a sandare, allon yana ɗan rarrafe. Yana motsi, gaskiya ne, musamman a mai sifirin, amma ɗabi'a ce mai wuyar bari, kuma ba ta ba da gudu. Gara lanƙwasa 5 manya da jiki duka, da 20 ƙanana da idon sawu. Sa wani ya ɗauke ka a waya daga gaba, ka duba ko kafaɗunka suna juyawa. Jera robobin ruwa a layi, taki 4 ko 5 tsakaninsu, ka riƙa ratsawa. Minti 20 kullum ya fi awa 3 ranar Asabar, don cinya da bayan ƙafa suna gajiya da wuri, faɗuwa kuma ta fi zuwa bayan gajiya. Ɓangaren diddige ya fi wuya ga kusan kowa, saboda ba ka ganin inda kake karkata, don haka ba shi lokaci fiye da ɗayan.

10. Tsayawa da faɗuwa

Hanya mafi sauƙi ta rage gudu ita ce faɗaɗa lanƙwasa har ka zagaye ka fuskanci inda ka fito. Birkin ƙafa kuma haka yake: juya ƙafar gaba ta kalli gaba, ka durƙusa a kanta, ka sauke ta baya a hankali tafin takalmi ya riƙa goge ƙasa. A mai sifirin ka ja ƙafar gaba baya kaɗan daga kusoshi kafin ka yi haka, kuma ka fara gwadawa a gudun da bai wuce na tafiyar ƙafa ba.

Idan abin ya ƙwace, sauka ta gaba ka bi da gudu, ka bar allon ya tafi. In faɗuwa ta zama dole, dunƙule ka mirgina ta kafaɗa, ko ka zube kan makarin gwiwa. Kada ka sandare hannu ka tokari ƙasa.

Gargaɗi: share filin kafin ka fara. Yashi, jiƙaƙƙen siminti da man mota suna ɗauke kamun taya nan take, a daidai lokacin da kake karkace.

11. Kula da shi

Kowace taya tana da boris 2, lamba 608, duka 8 ke nan, kuma ana samun irinsu a shagunan kayan gyaran injuna idan na asali suka mutu. Ƙura ce maƙiyinsu, don haka mai hawa a lokacin hunturu sai ya fi yawan buɗe su. Da ka ji suna ƙara ko taya ta daina juyawa da kyau, cire su, ka wanke da kananzir ko sifirit, su bushe sarai, ka ɗiga musu man keken ɗinki ɗigo 2. Man feshi na kwance tsatsa yana wankewa ne kawai, ba ya zama.

Hannun mai sifirin yana son giris lokaci-lokaci a inda yake juyawa. Ɗauki hoton yadda sassan suke jere kafin ka kwance, domin wasoshinsa suna da tsari. Idan mai bushin ya fara kuka, goga ɗan sabulu busasshe ko kakin kyandir a ƙoƙon da ƙarfen ke zama, kukan zai ɗauke. Sauya wa tayoyi wuri a gicciye duk bayan wata biyu ko uku don su ci daidai, ka kuma bi kusoshi da sifana kowane mako, girgiza tana kwance su. Kada ka bar allon cikin mota a rana ko ka hau shi cikin ruwan sama: zafi yana sassauta mannin katako da na samfefa, ruwa kuma yana shiga tsakanin fallayen ya kumbura su. Ajiye shi a ɗaki, a inuwa, tayoyi suna kallon bango.